Yadda Ladabi Ya Tsare Mana Gishiri a Gaya

Tun da na dawo daga Gaya ta Nijar ban sha shayi da zafinsa ba a majalisarmu ta Gwandu. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Sambo, wai da gaske na'ura ce ta haɗa ku da Ba'are?" Kafin in kai tsakiya wani ya iso, a ce in koma farko. Na yi aikin tafinta a Kumasi da Abijan da Jidda, na kwana a tashar jirgin ƙasa a Sudan, ba wanda ya taɓa matsa mini in ba da labarin waɗancan. Sai wannan 'yar tafiya da ko akwati ban ɗauka ba. To, ga shi na rubuta. Kowa ya karanta, ni kuma in sha shayina.

Yayana marigayi, Alhaji Buhari, ya bar 'yar masana'antar haɗa abincin dabbobi a Kalgo. Dusar shinkafa da tunkuza kowa ya iya haɗawa. Abin da ke sa masu kiwon ragunan layya daga Masama da Maruda da Dangoma su tsallake wasu su zo wurinsa shi ne gishirin Foga, jan gishirin nan da ake dafawa a ƙasar Dandi. Rago in ya ji shi a abinci sai ya ci, ya sha ruwa, ya murje. Mai aiko da shi tun muna da baƙin gemu shi ne Alhaji Tankari, Ba'are mazaunin Gaya. Da yayana ya rasu, wurin ya koma hannun 'yarsa. Sunan mahaifiyarmu gare ta, don haka Inno nake ce mata. A Kaduna ta tashi wurin dangin uwarta, can ta yi karatun kasuwanci.

Wata safiya ta kira ni. "Baffa, motar gishiri ba ta zo ba. Mutane sun fara ɗaure raguna, kuma Alhaji Tankari ba ya ɗaukar wayata."

Na ce, "Kun yi faɗa?"

Ta ce, "Ko kusa. Ni ban taɓa yi wa mutum ladabi kamar yadda na yi masa ba."

Washegari na shiga mota a tashar Gwandu. Muka bi ta Ambursa muka ratsa Birnin Kebbi, ina matse tsakanin wani mai buhun albasa da wata tsohuwa da ta ba ni tarihin ciwon gwiwarta tun daga farkonsa. Na sauka Kalgo ina warin albasa, na kuma san maganin gwiwa iri-iri.

A masana'antar na fara haɗuwa da Magatakarda. Haka ma'aikata suka laƙaba wa manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke cikin wayar Inno, wadda ake rubuta wa abin da ake so ta tsara magana. Na zo da shirin raina ta, amma gaskiya ba ta rainuwa. Inno ta nuna mini wani saƙo da ta so aika wa ma'aikata ranar da ranta ya ɓaci: "Na gaji da masu zuwa aiki sai rana ta take. Wanda ba zai iya ba, ga ƙofa." Ba ta aika ba. Sai ta rubuta wa Magatakarda cewa: "Ni ce shugabar wurin, amma yawancin ma'aikatan sun girme ni, wasu sun san ni ina rarrafe. Ina so su riƙa zuwa da wuri ba tare da na kunyata kowa ba. Tsara mini gajeren saƙo da Hausa mai sauƙi, wanda zan karanta da murya in tura, don ba duka suke karatu ba." Abin da ya fito ya fara da gaisuwa, ya tuna musu cewa masu raguna daga ƙauye suke sammako su tarar da inji a kashe, ya rufe da roƙon a taimake ta a riƙe sunan marigayi.

Mamman, shugaban leburori, ya ce mini, "Alhaji, da can in Hajiya ta yi magana sai mun zauna fassara. Yanzu ko faɗa za ta yi, sai ka ji kamar an ba ka goro."

Na ce a raina, wannan ai aikina ne na dā. A Kumasi na ga sarki ba ya magana da jama'a kai tsaye, sai ta bakin wani mai sanda da ke tsaye gefensa. Sarki ya furta da zafi, mai sanda ya sheƙe ta ya miƙa da sanyi. Yanzu ga mai sanda ya shige aljihun kowa.

Na ce, "To, nuna mini na Tankari."

Ta kunna mini saƙon murya da ya aiko mata bayan ta karɓi aiki. Muryarsa ta cika ofis:

"Ke ɗiyar Fulani! An ce ke anka ɗora bisa kujerar Buhari. Kaiton raguna! Ubanki ma haƙuri ni kai da rowatai, bale ke. In kina son gishiri ki taho da ƙwaryar nono ki gurfana gabana, in duba ko kin cancanta."

Na yi dariya har hulata ta faɗi. Da na ɗago na ga Inno ba ta dariya, idonta ya kawo ruwa.

"Baffa, mahaifina fa ya zaga. Ko shekara bai yi a ƙasa ba."

"Me kika amsa masa?"

Ta nuna mini. Ta kwafe maganarsa ta ba Magatakarda, ta ce: "Wani mai kawo mana kaya ya aiko mini da wannan saƙo na cin mutunci. Rubuta amsa mai ladabi wadda za ta nuna ba mu ji daɗi ba." Ita kuwa ta yi abin da aka sa ta. "Zuwa ga Alhaji Tankari, bayan gaisuwa da fatan alheri. Kamfaninmu yana daraja hulɗar da ke tsakaninmu, yana kuma fatan za a ci gaba da ita bisa mutunta juna, tare da guje wa kalaman da ba su dace da mu'amalar kasuwanci ba."

Nan dariyata ta tsaya. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san Ba'are da Bafulatani abokan wasa ne tun kaka da kakanni. In sun haɗu, zolaya ce gaisuwarsu. Ba'are ya kira ka marowaci, ka kira shi acici, a tafa, a ci abinci akushi ɗaya. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Abu ɗaya ne abokin wasa ba ya iya haɗiyewa: ya zolaye ka, ka amsa masa da ladabi. Ka ce masa ke nan, ban san ka ba, kai baƙo ne. Inno ta san ana wasa da Barebari, amma ba ta san na Arawa, dangin Ba'are, ba, ba ta ma san Tankari Ba'are ne ba, don ubanta shi kaɗai yake hulɗa da shi. Da ta ji shiru, sai ta sa Magatakarda ta rubuta ban-haƙuri, ta aika. Da shirun ya ci gaba, ta aika wani da ya fi na farko ladabi. Wato wuta na ci, tana ta zuba mata kananzir da hannu bibbiyu.

Na kira Tankari da wayata. Mutumin da bai taɓa kirana da komai ba sai "Sambo ƙafar sauro", sai ga shi yana cewa, "Ranka shi daɗe, Alhaji Muhammadu. Gishiri ya yi wuya bana. Allah shi bar zumunci." Ya kashe.

Na ce wa Inno, "Ɗauko mayafinki. Wannan ba ta waya ba ce."

Da safe muka hau doguwar mota mai zuwa Kamba. Mu ne a kujerar ƙarshe, bayanmu kuma an ɗaure wata akuya cikin kaya. Inno ta rungume jakarta, a ciki akwai takardar ban-haƙuri ta uku, wannan karon da Faransanci, an buga ta a farar takarda har da hatimi. Na ce ta bar ta a gida, ta ce ai ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Bayan mun wuce Bunza barci ya ɗauke ta, jakar ta zame, bakinta a buɗe. Ni kuma ina kallon fadama, ina jin ƙus-ƙus a bayan kunnena, na ɗauka tayar mota ce. Sai da wata mata ta ce, "Baiwar Allah, akuya na cin karatunki!" Inno ta farka ta fizgo abin da ya rage. Hatimin ne kawai da rabin layin gaisuwa.

Mai akuyar ya shiga ba da haƙuri. Na ce, "Bar ta, malam. Duk motar nan ita kaɗai ta san inda ya kamata takardar nan ta tafi."

A Kamba muka ci soyayyen kifi da ƙuli-ƙuli a bakin tasha, muka canja mota zuwa iyaka. Na tsallaka iyakoki da yawa a rayuwata, kuma na lura kowace da irin shirunta: mutane su sauka, su gyara hula, kowa ya zama salihi. A ɓangarenmu aka duba takardu aka sallame mu. A ɓangaren Nijar muka tarar da wani jandarma dogo, da zanen Barebari a fuska. Ya dubi takardata, ya dube ni, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji:

"Bafulatani a mota? Ina ka baro shanun mutane?"

Na ji Inno ta sandare a gefena. Na ce, "Na bar su wurin wani Babarbare, shi ya sa nake sauri. In na daɗe zan tarar ya sayar ya sayi turare."

Sauran jandarmomin suka kwashe da dariya. Ya miƙo mini takardata yana cewa in wuce kafin ya ɗaure ni da igiyar shanuna, ya kuma bi mu da kankana ya ce mu jiƙa maƙoshi. Muka koma mota ni da Inno. Can ta ce, "Baffa, a bakin aikinsa fa yake, da kaki."

Na ce, "Kakin na gwamnati ne. Wasan na kakansa ne."

Ta ciro waya za ta tambayi Magatakarda wani abu, sai ta ga babu sabis. Layinta ya tsaya a iyaka kamar mara takarda. Daga nan har Gaya ta riƙa juya wayar a hannu, kamar mai carbin da ya tsinke.

Gaya gari ne na bakin kogin Kwara, mai yawan manyan motoci da yawan harsuna. A layi ɗaya za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Faransanci, kowa kuma ya san inda zai sauya. Muka hau kabu-kabu zuwa siton Tankari. Nawa ɗan kabu-kabun ya ɗauka tsere ake, na sauka rawanina a wuya.

Ga gishiri nan jibge har rufi, cikin ƙunshin kaba, wanda aka ce ya yi wuya bana. Ga Tankari kan kujerarsa mai hannu, ya ƙara ƙiba, gemu ya yi fari fat. A dā in na shigo wurin nan, tun daga ƙofa yake ihu a ɓoye nono ga ɓarawo ya zo. Ranar sai ya miƙe tsaye. Ya ba ni hannu biyu. Ya sa aka kawo kujerun roba, aka goge su a gabanmu, aka kawo lemon kwalba da tsinken sha.

"Sannunku da zuwa, Alhaji Muhammadu. Sannu, Hajiya shugabar kamfani. Ina fatan hanya ba ta ba ku wahala ba."

Na ce, "Tankari, tumbin nan naka ya kusa riga ka shiga masallaci."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe. Lafiya ce."

Ban taɓa jin mari mai zafin wannan ba. Inno ta durƙusa ta fara, "Baba, na zo ne in ba da haƙuri..." Ya tare ta da murmushi. "Subhanallahi, Hajiya, ba ki yi komi ba. Mu ne ba mu iya kalaman da sunka dace da mu'amalar kasuwanci ba." Ashe ya haddace.

Sannan ya yi abin da ya fi duka. Ni da na saba kwana a zaurensa, a tabarmar da ke ƙarƙashin hoton Ka'aba, sai ya sa direbansa ya kai mu otal. Ya biya ɗaki biyu masu fanka.

Mai otal ɗin wata mata ce daga Binin, kowa Madam yake ce mata. Ta ba mu sakwara da miyar kifi mai yaji har kunne, da kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, wanda suke cika wa ƙuli da albasa. Abinci ya yi daɗi, amma Inno loma biyu ta yi ta tsame hannu. Ta ce, "Baffa, abin da Baba ya gina tun ba a haife ni ba, ni zan rushe shi da saƙo uku. Ba gishirin ne ya fi damuna ba. In na koma Kalgo hannu wofi, da wane ido zan kalli su Mamman?" Na ce ta kwanta, safiya ta fi dare wayo.

Da hantsi muka zauna a rumfar otal, ga kafe, gahawar nan tasu, da madara, ga burodin nan nasu dogo kamar sandar makiyayi. Madam ta ga Inno na ta ɗaga waya sama tana neman sabis, ta haɗa ta da intanet ɗin otal. Da ta hango abin da Inno ta buɗe sai ta yi dariya, ta ce ita ma da shi take rubuta wa masu shara da masu girki tsarin aikin mako, da Faransanci. Ta ce da Hausarta mai gishirin Binin, "Amma shi kamar sabon yaro ne a aiki. In ba ka faɗa masa wane ne wane ba, zai ba maigida tsintsiya."

Na ce wa Inno, "Kin ji. A Jidda an taɓa sa ni tafinta tsakanin mutum biyu, ba a gaya mini surukai ba ne. Na fassara kowace kalma daidai, na kusa kashe aure. Magatakardarki ba ta yi ƙarya ba. Kin ce mata cin mutunci ne, ta yarda da ke. Yanzu gaya mata abin da kika gaya mata game da su Mamman: wane ne shi, wace ce ke, me ke tsakaninku, me kike so ya faru."

Ta rubuta, ina faɗa tana gyarawa. Ta bayyana wasan Arawa da Fulani. Ta ce mutumin aminin mahaifinta ne, saƙonsa na farko ke nan bayan rasuwar. Ta sa amsoshinta, ta faɗi zancen kujerun roba da otal. Ta rufe da cewa, "Ba gishiri kawai nake so ba, so nake ya ɗauke ni yadda ya ɗauki mahaifina. Kafin ki ba ni shawara, tambaye ni duk abin da ba ki gane ba."

Amsar ta ba ni mamaki. Ta ce in haka ne, saƙonsa gayyata ce, amsar Inno kuwa ta zo masa kamar an rufe ƙofa. Ta ce kada a sake rubuta komai, wannan ta baki da baki ce. Sannan ta yi tambaya: a wasan nan me ake taɓawa, me ba a taɓawa? Na ce a rubuta mata: ba a taɓa uwa, ba a taɓa addini, ba a taɓa aibin da mutum yake da shi da gaske. Ci da rowa da lalaci da tsoro kuwa, fili ne.

Inno ta ce ta kawo misalin abin da za ta faɗa. Sai ga shi: "Alhaji, na ji an ce Arawa suna da son hira ƙwarai."

Kafe ya sarƙe ni. Madam ta buga mini baya. Na ce, "Wannan ai yabo ne! Da wannan za ki je, gara akuya ta cinye shi."

Inno ta ce ta ƙara yaji. Ta ƙara, amma yajin bai wuce na kunun jarirai ba. Daga ƙarshe Magatakarda da kanta ta ce mu muka fi ta sanin zafin da ya dace, ta ba da shawara Inno ta nemi abin da mahaifinta ya saba faɗa wa mutumin, ta ɗora nata a kai.

Inno ta ajiye wayar. "Baffa, me Baba yake ce masa?"

"In ya shigo siton nan ba ya sallama da kowa sai ya ce, ina Ba'arena? Wai Tankari kayansa ne, tun kakanni."

Ta murza gefen mayafi. "Yaya zan buɗe baki in zolayi sa'an mahaifina, a gaban mutane? Ni ko sunansa ba na iya faɗa."

Na ce, "Kunya gadonmu ce, Inno, ban ce ki yar ba. Amma wasan nan ma gadonmu ne. Yau ɗaya za ki ɗauka."

Ta tashi ta ce in raka ta kasuwa. Ta sayi ƙwarya sabuwa da faifai, ta tsaya wurin wata mai nono. Na ga abin da ta sa aka zuba, na kau da kai don kada in yi dariya.

Muka tarar da sito cike, 'yan dako na loda wata mota. Tankari ya hango mu ya miƙe, ya ce a kawo kujerun baƙi. Inno ba ta dubi kujerun ba. Ta wuce shi, ƙwarya a hannu, ta je ta zauna daram a kan kujerarsa mai hannu. 'Yan dako suka tsaya da kaya a ka.

Ta ce, "An raba gadon Baba."

Ta ɗaga murya.

"Wasu sun sami gona, wasu sun sami shanu. Ni da ba ni da sa'a, aka ce rabona wani tsohon Ba'are ne a Gaya. Shi ne na zo in duba ko yana da sauran amfani, ko in sayar in sayi akuya."

Tankari ya dube ta, ya dube ni. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya tako a hankali, ya ɗaga faifan. Nonon da ke ciki ko gindin ƙwaryar bai rufe ba.

"Wanga shi ne nonon?"

"Daidai kai ne. Ba'are in ya ƙoshi ba ya aiki."

Wani ɗan dako ya fara sakin dariya, kayansa suka faɗi. Tankari ya dafe kai ya ce, "La'ilaha illallahu! Jama'a, ku zo ku gani, Buhari ya dawo da ɗankwali!" Ya yi dariya har ya zauna a kujerar roba, tana ƙara a ƙarƙashinsa. Sai dariyar ta juye. Ya ja bakin rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na motsi. Kowa ya kau da kai. Ni ma na sami abin kallo a rufin sito.

Da ya natsu ya ce, "Ɗiyata, da na zo ta'aziyya kina cikin mata, ban gan ki ba. Na dawo nan na rasa wanda za ya kira ni acici. Sai na ce bari in miƙa ma ɗiyar hannu, in gani ko wasan ya mutu da shi. Na miƙo hannu, kin miƙo min takardar ofis."

Inno ta ce, "Ban sani ba, Baba."

"Kul! Kada ki soma. In kin sake ba ni haƙuri, otal za ki koma." Ya ɗaga ƙwaryar ya shanye nonon a kurɓi ɗaya, ya juyo kaina. "Kai kuma, Sambo ƙafar sauro, mi kake jira? Je ka kwaso tsummokaranku. Ku ɓoye nono, ɓarayi sun zo!"

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

A gidansa muka kwana, ni a tabarmata ta zaure, Inno wurin Hajiyarsa. Aka yi tuwon gero da miyar kuka da kifin kogi, yana ci yana ƙirga mini loma, wai Bafulatani in ya sami na banza har kunnensa motsi yake. Ya sa Inno ta nuna masa Magatakarda. Ya saurari yadda take magana, ya kaɗa kai ya ce, "Allah sarki. Wagga ba ta da abokin wasa, shi ya sa ladabi ya yi mata yawa. Marainiya ce." Amma ya sa ta tsara masa saƙo zuwa ga direbobinsa a kan su daina lodi fiye da ƙima, da Hausa da Faransanci. Kafin ta rubuta, Inno ta tambaye shi su wane ne direbobin, ya ce biyu Zabarmawa ne, ɗaya Bafulatani. Ta ce to na Bafulatanin shi zai faɗa da bakinsa.

A Abijan in baƙo zai tafi yakan roƙi hanya, mai gida ya ce ya ba shi rabi, don ya dawo. Tankari da ya raka mu tasha cewa ya yi, "Ku tahi, kun cinye min hatsi." Duk ma'anar ɗaya ce.

Na tsaya Kalgo har motar gishiri ta iso. Su Mamman suka sauke kaya, inji ya tashi, masu raguna suka fara layi. Na lura yanzu duk saƙon da Inno za ta sa a tsara mata, takan tsaya ta tambayi Mamman ko ni, "Wannan mutumin, me ke tsakaninsa da Baba?" sannan ta taɓa waya.

Da aka gama sauke kaya direban ya zo ofis da wani abu a naɗe cikin tsumma, ya ce Alhaji ya ce a ba Hajiya hannu da hannu. Ƙwaryarta ce. A ƙasarmu ba a mayar da ƙwarya wofi. Inno ta ɗaga faifan. A tsakiyar ƙwaryar ga ɗan gutsuren gishiri guda, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Direban ya ce, "Wai in gaya miki, tukuicin nono ne. Daidai ke."

Inno ta ɗauki wayarta. Na zaci Magatakarda za ta buɗe. Sai na ga ta danna wurin ɗaukar murya, ta gyara zama a kujerar ubanta, ta ce, "Ina Ba'arena?"